Koyarwa a Ƙananan Rukunoni: Waiwaye a Tarihin Ilimi a Ƙasar Hausa

Rarraba ɗalibai zuwa ƙananan rukunoni daɗaɗɗiyar hanya ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo ana bambanta kolo da titibiri da gardi, kuma gardawa kan zauna da yara ƙalilan su biya masu karatu. Ba a wanke wa yaro allo sai ya iya abin da aka rubuta masa, kuma ba ya shiga farfaru sai ya ƙware a babbaƙu. Haka nan a makarantun zaure na Kano da Katsina da Zariya, kowane ɗalibi yakan karanta nasa littafin a gaban malami, sauran suna saurare.

A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa tsarin 'Yan Taru a daular Sakkwato. Takan naɗa wa mace mai ilimi malfa ta zama jaji, ita kuma ta jagoranci matan ƙauyensu, ta koyar da su ta hanyar waƙoƙi.

Ilimin boko ya zo da tsarin aji ɗaya, malami ɗaya, tun daga makarantar da Hans Vischer (Ɗan Hausa) ya buɗe a Nasarawa, Kano, a 1909. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da shirin ilimin bai-ɗaya na 1999, sun buɗe ƙofa ga ɗimbin yara, amma yawan malamai bai bi sawun yawan ɗalibai ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2004 ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, sai dai ajujuwa da dama sun ninka haka.

A Amurka, Benjamin Bloom ya wallafa nazari a 1984 da ya nuna fifikon ɗalibin da aka koyar shi kaɗai ko cikin 'yan ƙalilan a kan na babban aji. Nazarce-nazarcen baya sun sami tazarar ba ta kai yadda ya faɗa ba, amma sun tabbatar da amfanin.

A darasin Hausa, amfanin a bayyane yake. Malamin da ke gaban cunkoson yara ba zai gane wanda ke rikita "ɗaki" da "daki", ko "ƙafa" da "kafa" ba, domin amon jama'a yana rufe kuskuren mutum ɗaya. Yaron yakan wuce aji da kuskurensa, har ya gama firamare bai iya karatu ba. A ƙaramin rukuni kuwa, kowa sai ya karanta an ji, an gyara masa nan take. Ko a kasuwar kanikawa ta Apo a Abuja, maigida yakan koyar da yaransa ne kaɗan-kaɗan a gaban inji.

Saboda haka muna ba da shawarar manhajar Hausa ta keɓe lokaci a kowane mako don karatun rukuni, a raba yara bisa matakin iya karatunsu, a kuma horar da ɗaliban kwalejojin ilimi kan wannan dabara tun kafin su fita gwajin koyarwa.