Tarihin jam'iyyar UDF ta Faransa, daga 1978 zuwa 2007

Yau za mu waiwayi wata jam'iyyar Faransa da ta yi tashe, sannan ta ɓace. Sunanta UDF, wato Haɗin Gwiwa don Dimokuraɗiyyar Faransa. A siyasar can ana raba jam'iyyu gida biyu: na hagu, masu son gwamnati ta riƙe tattalin arziki, da na dama, masu son a sakar wa ƴan kasuwa mara. UDF tana tsakiya ne, amma ta jingina dama. An kuma san ta da goyon bayan haɗin kan ƙasashen Turai.

Yadda aka kafa ta

An kafa UDF ranar 1 ga Fabrairu 1978, lokacin da Valéry Giscard d'Estaing ke shugabancin Faransa. Ya hau mulki a Mayu 1974, wata guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a nan Nijar. Matsalar Giscard ita ce ba shi da babbar jam'iyya tasa. Faraministansa Jacques Chirac ya ajiye aiki a 1976, ya je ya kafa RPR, jam'iyyar magadan Janar de Gaulle. Ga kuma zaɓen ƴan majalisa na Maris 1978 yana ƙaratowa.

Sai aka tattaro ƙananan jam'iyyu da ke bayan shugaban: jam'iyyarsa ta PR, da CDS ta Jean Lecanuet, da tsohuwar jam'iyyar Radikal, da wasu ƙanana. Kowace ta riƙe sunanta da shugabanninta, suka shiga rumfa ɗaya. Lecanuet ne ya fara shugabantar rumfar, har zuwa 1988. Kun ga ke nan tun farko tsintsiya ce, maɗaurinta kuwa Giscard da kujerarsa.

Lokacin tashe

Dabarar ta yi aiki. A 1978 UDF ta samu kujeru sama da 100, ita da RPR suka hana ƴan hagu rinjaye. A 1979 jerin ƴan takararta, ƙarƙashin Simone Veil, ya zo na ɗaya a zaɓen majalisar Turai, kuma matar ta zama shugabar wannan majalisa.

Amma a shekarar ne wata jarida ta fallasa maganar lu'ulu'un da Bokassa na Afirka ta Tsakiya ya ba Giscard kyauta. Abin ya ɓata masa suna ƙwarai. A zaɓen 1981 Chirac ya tsaya takara da shi a zagayen farko, a zagaye na biyu kuma bai yi kira ga magoya bayansa su zaɓe shi ba. Ranar 10 ga Mayu François Mitterrand ya lashe zaɓe. Tun daga nan ɗan UDF bai sake hawa kujerar shugaban ƙasa ba. Raymond Barre ya gwada a 1988, ya zo na uku.

Inda ta taɓa aljihunmu

A zaɓen 1993 UDF ta samu kujeru sama da 200 cikin 577, ta shiga gwamnatin Édouard Balladur na RPR. Ministan tattalin arziki a wannan gwamnati, Edmond Alphandéry, ɗan UDF ne. A zamaninsu ne, cikin Janairu 1994, aka sanar a Dakar cewa an karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kuɗin Faransa ɗaya da ake saye dala goma ya koma dala ashirin. Dattawanmu na tune da yadda magani da kayan waje suka yi tsada a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Yadda maɗauri ya kwance

A 1995 jam'iyyar ba ta ma tsayar da ɗan takara ba. Wasu suka bi Balladur, wasu suka bi Chirac, dukansu biyu ƴan RPR. A 1998 rikici ya tashi bayan wasu manyanta sun karɓi ƙuri'un jam'iyyar Jean-Marie Le Pen mai ƙyamar baƙi don su shugabanci jihohi. Alain Madelin ya fice da ɓangarensa, François Bayrou ya karɓi shugabanci.

Babban naushi ya zo a 2002, da aka kafa UMP don tara duk ƴan dama a bayan Chirac. Yawancin ƴan majalisar UDF suka koma can, aka bar Bayrou da kujeru kusan 30. Ya ƙi miƙa wuya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2007 ya samu kashi 18 da ɗoriya cikin ɗari, wato ƙuri'u kusan miliyan 7, ya zo na uku. To, a zagaye na biyu ya ƙi cewa a zaɓi Nicolas Sarkozy. Ƴan majalisarsa kuwa sun san ba za su koma kujerunsu ba sai da ƙuri'un ƴan dama. Yawancinsu suka bi Sarkozy, suka kafa Nouveau Centre ƙarƙashin Hervé Morin.

Ranar 30 ga Nuwamba 2007 babban taron UDF ya amince ta narke cikin sabuwar jam'iyyar Bayrou mai suna MoDem, wadda aka kafa washegari. Shekara kusan 30 ke nan ta yi a duniya.

Giscard ya rasu a Disamba 2020. Shi kuwa Bayrou, da ya mara wa Emmanuel Macron baya a 2017, ya zama faraminista a Disamba 2024, majalisa ta kayar da gwamnatinsa a Satumba 2025.