Fasfo a hannun wa? Yadda ɗalibai za su tsare takardunsu a tafiyar rukuni

Ga ɗalibin da ya fito daga Karaye ko Rogo, samun fasfo ba aikin yini ɗaya ba ne. Sai ya mallaki lambar NIN, ya yi tattaki zuwa ofishin Hukumar Shige da Fice a Kano, ya kuma biya kuɗi: tun 1 ga Satumba, 2025, mai shafi 32 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 kuwa naira 200,000.

Sa'ad da Gwamnatin Kano ta farfaɗo da tura ɗalibai karatu waje a 2023, da yawansu Indiya suka nufa, rukuni-rukuni. A irin wannan tafiya akan samu jagora ya tattara fasfunan kowa cikin jaka ɗaya. Hakan yana saukaka rajista a otal, amma jakar tana ɓata, kowa ya shiga uku. Gara a karɓa a gaban mai shi, a rubuta suna da lamba, a mayar masa da zarar an gama.

Dokar Indiya ta wajabta wa otal sanar da hukuma zuwan kowane baƙo ɗan ƙasar waje, don haka neman fasfo a teburin karɓar baƙi ba abin zargi ba ne. Abin da ake buƙata dai bayanan ciki ne. A ɗauki kwafi, a dawo da shi nan take. Fasfo mallakar Gwamnatin Tarayya ne, bai kamata ya zama jinginar kuɗin ɗaki ba. A ɗaki kuma, akwatin ajiya mai kulle ya fi ƙarƙashin matashi, musamman inda mutum huɗu ke kwana kuma kowa na da abokin ziyara.

Yaƙin Sudan ya nuna inda haɗarin yake. Da rikici ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗaliban Najeriya sun kwashe kwanaki a kan iyakar Masar kafin a ba su hanya. A irin wannan rana, wanda fasfonsa ke kulle a ofishin makaranta ya fi kowa shiga tasku.

Idan ya ɓata a waje, a fara da rahoton 'yan sanda, sannan ofishin jakadancin Najeriya, wanda ke bayar da takardar tafiya ta gaggawa. Gida kawai take kai mutum, ba ta maye gurbin biza. Hoton shafin bayanai da na biza, a waya da kuma wajen iyaye a gida, shi ke rage wahalar tantancewa.