Gyaran Tsofaffin Littattafai Wajen Sake Bugu: Darasi Daga Idon Matambayi da Jiki Magayi

A shekarar 2023 aka yi ta ka-ce-na-ce a Ingila, da ta bayyana cewa kamfanin HarperCollins ya soke wasu kalmomi na wulaƙanta jinsi daga sababbin bugun littattafan Agatha Christie, watau labaran kisan kai da bin sawun mai laifi. Haka aka yi wa na Ian Fleming a shekarar. Masu nazarin Hausa na iya zaton wannan rigimar Turawa ce, alhali kuwa tana bakin ƙofarsu.

Ƙagaggun labaran Hausa na boko ai da hannun mai gyara aka haife su. Gasar da R. M. East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta samar da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, labarin ɓarayi da dabarunsu. A wannan zamani ne kuma East da John Tafida suka rubuta Jiki Magayi, inda ramuwar gayya ta mai da yaro ɓarawo, har ya kashe ubansa. East yakan tace rubutu kafin a buga. Daga baya littattafan suka bi ta hannun Kamfanin Gaskiya, da NORLA, da NNPC da aka kafa a 1966, ƙa'idojin rubutu kuma suna ta sauyawa. Gyaran harafi da rabin kalma ba abin damuwa ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmomi irin su arne da bawa da kuyanga, waɗanda marubutan wancan zamani suke amfani da su gaba gaɗi. A kudancin Kano maganar ba ta takarda kaɗai ba ce. Yankin Tudun Wada ya sha hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, an kama mutane an sayar. A ƙasar Doguwa akwai Kurama, akwai kuma Maguzawa a sassan kudancin jihar, kuma 'ya'yansu na iya zama aji ɗaya da 'ya'yan Musulmi. Malamin da ya karanta kalmar arne a irin wannan aji, a Kiru ko Bebeji, ya san wanda za a waiga a duba. Saboda haka mai son a goge ta yana da hujja.

Sai dai gogewa a ɓoye takan lalata shaida. Ɗalibin da ya ɗauki bugun da aka wanke, ya gina nazari a kan tunanin Bahaushen 1934, zai jingina wa marubuci ladabin da ba nasa ba, ya kuma rasa hanyar gane yadda bauta ta zauna a bakin mutane bayan an hana ta. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar matani yadda yake, a yi masa gabatarwa da bayanin kalmomi. In kuwa bugun makaranta ne aka rage, to a rubuta haka a bango, tare da sunan mai gyara da shekarar gyaran.