Masu ƙera wasa su kaɗai, da waɗanda suka ɗauke su a fim

Yaranmu da ke cika rumfunan PlayStation suna buga ƙwallo a allo sun san sunan kowane ɗan wasa, amma ka tambaye su wa ya ƙera wasan, shiru kake ji. To yau tarihin maƙeran za mu taɓa, musamman masu aiki su kaɗai ba babban kamfani a bayansu, da yadda aka yi duniya ta san da su.

A shekarar 2012 wasu ƴan Kanada biyu, James Swirsky da Lisanne Pajot, suka fitar da fim mai suna Indie Game: The Movie. Ba wasan kwaikwayo ba ne, fim ne na gaskiya, wato a bi mutum da kyamara a cikin ainihin rayuwarsa. Kuɗin aikin ma karo-karo jama'a suka yi ta intanet. Sun bi Edmund McMillen da Tommy Refenes, samari biyu da suka haɗa Super Meat Boy ya fito a 2010, da Phil Fish da ya shafe shekaru yana fama da wasansa Fez, da Jonathan Blow mai Braid na 2008. Abin da aka gani shi ne rashin barci, ƙarancin kuɗi da fargabar kar aikin ya faɗi. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin Sundance na Amurka, ya kuma nuna wa matasa cewa mutum biyu a ɗaki ɗaya suna iya abin da ake zaton sai kamfani.

Wani zai ce wannan ai labarin Turawa ne. A'a, Nijar ta yi irin wannan mutum tun kafin kwamfuta ta shigo gidaje. Shi ne Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942. Ba wasan bidiyo ya yi ba, zane mai motsi ya yi, amma wahalar iri ɗaya ce: ka zana hoto ɗaya bayan ɗaya har abin ya tashi ya yi tafiya. Makanike ne da farko. A Yamai ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren. Ya yi La Mort de Gandji a 1965, sai Bon voyage Sim a 1966, inda ya sa kwaɗi suka zama shugabannin ƙasa suna ziyarar juna, habaici ga masu mulkin lokacin. Daga bisani ya koma Tawa da zama, ya ci gaba da aiki da ɗan abin da ke hannunsa.

A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka yi fim a kansa, Moustapha Alassane, cinéaste du possible. Shekara shida bayan haka, a watan Maris na 2015, Allah ya yi masa rasuwa a Wagadugu. Da sun yi jinkiri, da yawa daga abin da ya faɗa da bakinsa ya bi shi kushewa. Allah ya jiƙansa.

Yau ga masu wasan bidiyon sun fito a Afirka. A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa ya yi Les Héros du Sahel, da jaruminsa Shamsou. Masu kyamara ma muna da su: Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta yi fim ɗinta Zinder a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara, aka kalle shi a ƙasashen duniya.

Sai dai a lura, kyamara ta fi bin wanda ya riga ya yi suna. Waɗanda aka nuna a fim ɗin 2012 duk wasanninsu sun karɓu. Waɗanda suka kwana a kan aiki bai fita ba, ba wanda ya ɗauke su. Nan ne aikin ya dawo kanmu. Yaron da ke ƙera mota da kara, mai gyaran salula a kasuwar Magariya da ya koya wa kansa, dattijon Dungas da ya san dokokin dara tun na kakanni, ba wanda zai taso daga Kanada don su.

Salular da ke aljihunka ta isa. Ka nemi izinin mutum tukuna, in yaro ne ka tambayi iyayensa. Ka bar shi ya faɗi sunansa, garinsu, shekarar da ake ciki da wanda ya koya masa. Ka ɗauki hannunsa yana aiki, har da inda abin ya ƙi. Sannan ka ajiye a wuri biyu, don salula tana ɓata. Wanda ya san irin waɗannan mutane a garinsu, ya fara da su tun suna nan.