Daga Indore Zuwa Kano: Tarihin Taki Da Lambun Gida

Mai karatu, duk shekara idan sanyi ya janye a ƙasashen Turai, wajejen Maris da Afrilu, za ka ga mutanensu sun fito tsakar gida suna tattara busassun ganye, suna juya ƙasa, suna zuba ruɓaɓɓen shara a gindin shuka. Da yawansu alfahari suke yi cewa ba sa taɓa maganin feshi ko takin zamani. Ni kuwa abin da ke ba ni mamaki shi ne, wannan abin da suke ɗauka sabon wayewa, tsohon ilimi ne da suka yar, daga baya suka dawo suna nemansa.

Asalin maganar ta faro ne daga Jamus. A 1909 wani masani mai suna Fritz Haber ya gano yadda za a tatso sinadarin da shuka ke buƙata daga iska, sannan a 1913 Carl Bosch ya mayar da abin ya zama aikin masana'anta. Nan aka haifi takin zamani irin wanda muke saye a buhu. A 1939 kuma Paul Müller na Suwizalan ya gano cewa DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Gaskiya ɗaya ce, waɗannan abubuwa sun ciyar da miliyoyin mutane, sun kuma rage zazzaɓin cizon sauro a wurare da dama.

To amma akwai wanda tun farko bai yarda a zubar da tsohuwar hanya ba. Albert Howard Bature ne ɗan Ingila da aka tura Indiya a 1905 don ya koya wa manoma noman zamani. Da ya zauna da su, sai ya ga su ne ma ya kamata su koya masa. Tsakanin 1924 da 1931, a garin Indore, ya tsara hanyar haɗa taki: a jera ciyawa da ganye, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa, cikin kamar wata uku ya zama baƙar ƙasa mai laushi. Littafinsa na 1940 ya zaburar da J.I. Rodale a Amurka, wanda ya fara mujallar irin wannan noma a 1942, sannan aka kafa ƙungiyar Soil Association a Ingila a 1946.

Wadda ta girgiza duniya sosai mace ce, Rachel Carson. A 1962 ta fitar da littafinta Silent Spring, inda ta nuna yadda feshi ke taruwa a jikin tsutsa da kifi, ya wuce jikin tsuntsu, har a wayi gari bazara ta zo babu kukan tsuntsaye. Kamfanoni sun yi mata ca, amma a 1972 Amurka ta hana amfani da DDT a gonaki.

Yanzu mu dawo gida. Tun kafin a haifi Howard, manoman kewayen Kano suna shigowa birni da jakuna, su cika mangala da shara da toka da kashin awaki, su kai gona kafin saukar damina. Da wannan ne suke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba, abin da Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun shekarun 1960. Bayan girbi manomi kan roƙi Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonarsa. Ba a sare gawo, domin da damina yake zubar da ganye, ya bar wa gero rana da taki. A cikin gida kuwa, iyayenmu mata suna da zogale da rama da yakuwa da kubewa a lungu, ruwan wanke-wanke da tokar murhu su ne abincinsu.

Abubuwa sun fara juyawa ne da shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, lokacin da aka yi ta raba takin zamani da rangwame. Sannu a hankali aka raina juji, kwalbar feshi ta shiga har ɗakin ajiyar hatsi. Sakamakon ya fito fili a 2015, da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Waken da Bature ya ƙi, shi muka ci gaba da yi wa 'ya'yanmu ƙosai da alale da shi.

Ban ce babban manomi ya yar da buhun taki yau ba. Amma lambun tsakar gida, wanda ganyensa daga reshe sai tukunya, ba ya buƙatar guba. Kafin ruwan farko ya sauka, a haƙa ɗan rami a tara bawon kayan miya da kashin kaji da toka, a bar shi ya ruɓe sosai kafin a zuba, don ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. Idan ƙwari sun taso, a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a yayyafa da yamma. Allah ya ba mu damina mai albarka.