Tarihin Saukar Jiragen Sama a Kano

Filin jirgin sama na Kano, wanda a yau ake kiransa da sunan Malam Aminu Kano, shi ne mafi daɗewa a cikin filayen jiragen Nijeriya. Duk wanda ya bi tarihinsa da natsuwa zai tarar cewa jirgin sama, ko da yake baƙon al'amari ne, da ya tashi zuwa ƙasar Hausa tsohuwar hanyar gabas ya biyo, wadda mahajjata da fatake suka shekara ɗaruruwa suna takawa ta Barno da Wadai da Darfur har bakin kogin Nilu.

Wasu mutanen Amurka biyu, wa da ƙane, Wilbur da Orville Wright, su ne suka fara tayar da jirgi mai inji a watan Disamba na 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911. Amma na sama sai ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, sa'ad da jirage uku na sojan saman Ingila, masu fiffike biyu sama da ƙasa, suka sauka a filin wasan dawakai na Turawa ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, suka yi ta yada zango a Hartum da El Fasher da Abeshe da Fort Lamy, wadda yanzu ake ce wa N'Djamena, da Maiduguri, suka cinye wannan masafa cikin ƙasa da mako guda, alhali kuwa mai niyyar Hajji da ƙafa yakan yi watanni ko shekaru a kanta, yana tafe yana tsayawa ƙodago a gonakin mutane don neman guzuri, wani ma ajali ko iyali su tsayar da shi a Sudan har abada. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma ya miƙa hanyar har Ikko.

Abin da ya ɗaukaka darajar filin a haƙiƙa shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a 1940, Italiya kuma ta shiga yaƙin, sai Bahar Rum ta zama wurin halaka ga jiragen ruwan Ingila, rundunarta da ke Misira ta rasa ta inda jiragen yaƙi za su riske ta da sauri. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko jiragen a kwance cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su a can, sa'an nan su tashi ayari ayari, babban jirgi guda mai masanin hanya yana gaba kamar madugu, ƙananan suna biye, su ratsa Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher da Hartum har Alƙahira. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai da gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na wannan shekara, ya buɗe sararin ƙasarsa. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan tafarki, cikin hazo da ƙura da zafin da ke cinye inji, kuma ya kamata a riƙa tunawa da leburorin ƙasa waɗanda suka share filayen, suka yi dakon man, domin littattafan yaƙi ba safai suke ambatonsu ba.

Bayan yaƙi Kano ta shiga zamaninta na bunƙasa, sababin kuwa a sarari yake: jiragen wancan lokaci masu farfela ba su iya ɗaukar man da zai kai su daga Turai zuwa kudancin Afirka ba tare da sauka ba, duk wanda ya ƙetare Sahara daga Turabulus kuwa, babu mashayar da ta fi masa Kano. Jiragen BOAC na Ingila, da KLM na Holan masu zuwa Johannesburg, da Sabena na Beljiyam masu zuwa Kwango, duk nan suke shan mai, har baƙi suka riƙa ɗaukar hoton mai busa kakaki a kan raƙumi wanda ke shelar isowar jirgi.

A shekarun 1950 mahajjata suka fara komawa sama, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, rukuni na biyar na Musulunci ya sauƙaƙa ga tsofaffi da mata waɗanda dā ba su ko sa rai. Sauƙin bai zo ba tare da jarrabawa ba. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani jirgi samfurin Boeing 707, ɗauke da alhazai daga Jidda, ya faɗi wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. A lokacin nan manyan jirage masu dogon zango sun riga sun fara wuce Kano ta sama ba tare da bukatar mai ba, kamfanonin Turai suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babbar hidimar filin ta ƙasashen waje ita ce jigilar alhazai da masu Umra da 'yan kasuwa masu zuwa gabas.