Takwara

A asali, takwara shi ne wanda sunanku ya zo ɗaya. Ita kalmar suna tsohuwa ce ƙwarai: masana harshe sun danganta tushenta da na ismu a Larabci, gadon kaka ɗaya ne ba aro ba.

Daga baya aka faɗaɗa takwara ta koma mai muƙami irin naka, shi ya sa ake jin "shugaban Najeriya da takwaransa na Nijar" alhali sunayensu ko kusa ba su zo ɗaya ba.

A gida ma'anar farko ce ke aiki. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, iyaye da yawa suka yi masa takwara. Sai dai Bahaushe sunan uba yake jinginawa da nasa, don haka jaririn da ubansa Muhammadu ne kawai ya gaji cikakken sunan, sauran suka zama Murtala Sani ko Murtala Garba. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 kuwa ya bar mana masu suna Saddam rututu.

In sunan kaka aka mayar, kunya ta hana kira, sai a sakaya da Abba ko Ummi. Takwaran shugaba ba ya samun wannan alfarma, gatsau ake kiransa.